Tafiyar da Ban Aike Su Ba

Lahadi, 4 ga Mayu

Yau muka fara tafiye-tafiyen Manzo mai yawon bishara, na cikin Littafi Mai Tsarki. Shekara ashirin da biyu ke nan ina riƙe da ajin 'yan takwas zuwa goma a makarantar Lahadi, kuma duk shekara wannan darasin ne nake ɗoki. Na iso da wuri, na ture bencina gefe, na zana teku da alli a ƙasa, garuruwa a bakinsa, tsibiri biyu a tsakiya. Da na zo miƙewa gwiwata ta ce mini kin tsufa. Na ce mata na ji.

Yara goma sha bakwai. Sunayen garuruwan sun fi ƙarfin bakinsu, sai muka raɗa musu namu: Garin Kwando, Garin Duwatsu, Garin Kurkuku. Shi kansa Manzon sun mai da shi Mai Tanti, tunda na ce musu ɗinkin tanti ce sana'arsa.

Na ba su farkon labarin. Yadda a da shi ne mai farautar masu bi, yana fizgo su daga gidajensu, har ranar da haske ya makantar da shi a kan hanya, aka aiki wani bawan Allah ya je gidan da ya sauka ya yi masa addu'a. Aku ta ɗaga hannu, amma bakinta ya riga hannun. Jikata ce, kuma ba a banza kakanta ya sa mata wannan suna ba.

"Malama, shi wanda aka aika ɗin, idan Mai Tanti ya taɓa kashe masa ɗan'uwa fa?"

Na ce ko da hakan ne, zuwa zai yi.

"Da ke ce fa?"

Na ce sosai ma. Na ce kowa ya zo ya tsaya a bakin teku.

Laraba, 7 ga Mayu

Kwamfuta ta mutu a ɗakin kati na asibitin da nake aiki tun ƙarfe tara. Muka koma neman fayil da hannu, ni da abokiyar aikina Doguwa, layin marasa lafiya har bakin matakala. Wani tsoho ya ce mini asibitin nan sai mai lafiya. Ban iya musa masa ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Garin Kwando. Na zo da kwandon wankina da igiyar shanya, muka zura ƙaramar cikin tagwayen mai kemis daga kan tebur zuwa ƙasa, kamar yadda aka tsirar da Manzon ta kan ganuwa. Ihu har cikin majami'a. Matar Fasto ta leƙo, ta dubi allin da ke ƙasa, ta dube ni, ta ce, "Mama, wa zai goge wannan?" Na ce teku ne, ba a goge teku.

Kwandon ya karye. Maigida ya ce shekara ashirin da biyu Manzo yana cin kwandunanmu, har yau bai biya ko ɗaya ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Garin Duwatsu, inda suka jefe shi har suka ɗauka ya mutu, shi kuwa ya tashi ya karkaɗe jikinsa ya koma cikin garin. Babbar cikin tagwaye ta ce, "Ya koma? Wurin waɗanda suka jefe shi?" Na ce ƙwarai.

Daga nan na ba su aikin gida irin na kowace shekara: kowa ya sami mutum ɗaya a wannan mako ya ba shi labari ɗaya cikin waɗanda muka yi. Na ce ba sai an hau jirgi ba, yau bishara ƙafa take so da baki. Yawanci ƙannensu suke gaya wa, bara ma wata kyanwarsu ta gaya wa.

A hanyar gida na tambayi kaina yaushe rabon da ni in yi wannan aikin gidan. Shekara goma sha ɗaya muna raba taga ɗaya da Doguwa, na san sunan maganin hawan jinin mijinta, amma ban taɓa ce mata komai ba game da abin da nake cewa shi ne rayuwata. To. Kowa da baiwarsa. Tawa alli ce.

Talata, 20 ga Mayu



Wajen sha ɗaya wata mata ta miƙo kati ta taga, ta ce na maƙwabcinta ne, asibitin masu ciwon suga. Na karɓa ba tare da na ɗaga kai ba. Na karanta sunan. Na sake karantawa.

Direban.

Ashe ya fito. Shekara takwas aka yanke masa, ni kuwa a zuciyata ban taɓa lissafa cewa shekara takwas tana ƙarewa ba. Na leƙa, ga shi can a kan benci. Da ba don katin ba da ban gane shi ba. Mutumin da wuyansa ya cika kwalar riga, yau ya koma kamar sanda, da baƙin tabarau, kansa a ɗage irin na wanda ba ya gani sosai.

Shekara tara ke nan. Bas ɗin ikkilisiya yana dawowa da mata daga taron mawaƙa, shi ya sha abin da ya sha tun da rana, a kotu ma bai musa ba. Mutum huɗu suka rasu. Autata tana ciki, shekararta ashirin da huɗu, ta bar mini Aku ko yaye ba a yi mata ba.

Na tura wa Doguwa katin na ce cikina ya murɗa. Na shige can ƙarshen kantoci, wurin fayil ɗin waɗanda suka rasu, na tsaya a nan kusan minti ashirin ina shaƙar ƙurar takarda. Ban yi addu'a ba. Ban yi kuka ba. Tsayuwa kawai.

Ban gaya wa Maigida ba. Me zai ƙara masa in ba ciwo ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na ƙona shinkafa. Na sa gishiri a shayi.

Lahadi, 1 ga Yuni

Makon jiya kurkuku, yau guguwa. Muka jera benci huɗu suka zama jirgi. Na gaya musu yadda Manzon, yana fursuna a lokacin, ya ce kada a tashi, lokacin ya wuce, amma matuƙin ya ƙi ji. Kwana goma sha huɗu ba rana ba tauraro, suna zubar da kaya a ruwa. Yaran suka yi ta jefa takalma daga kan benci. Daidai inda jirgin ya daki yashi ya fara tsagewa na tsaya, na ce sauran sai mako mai zuwa. Suka yi caa a kaina. Haka nake yi musu duk shekara.

Aku ba ta yi tambaya ba yau. Rubutu take ta yi a bayan wani kwali.

Asabar, 7 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Ƙarfe uku saura mai kemis ya buga ƙofa kamar zai ɓalla ta. Ya je majami'a ɗaukar tagwayensa daga koyon waƙa don sun yi baƙi, mai koyar da waƙa ta ce yaran rabonta da su mako uku ke nan. Su da Aku. Asabar uku kenan suna fita da tsakar rana da littafin waƙa a hannu, suna dawowa ƙarfe biyar.

Na fita da takalmi wari da wari. Muka duba makaranta, filin ƙwallo, gidajen ƙawaye. Matar mai kemis tana kuka tana kiran sunayensu a bakin kwalbati. Ni ba abin da bai zo mini a rai ba. Duk fayil ɗin yaran da ya taɓa bi ta hannuna sai da na tuna shi. Na ce Ubangiji, ka riga ka karɓi ɗaya.

Biyar saura kwata sai ga su sun ɓullo ta bayan layin dogo, su uku a jere, ƙafafu butu-butu, Aku a gaba da kwalinta a hammata. Da suka ga taron mutane suka ja suka tsaya.

Mai kemis ya daka tsawa, ina kuka je. Tagwaye suka fashe da kuka. Aku ta dube ni ido cikin ido.

"Aikin gida muka je, Malama."

Ta miƙo mini kwalin. Taswira ce. Ga gidanmu, ga majami'a, ga layin dogo, ga shagon faci, a bayansa ɗan murabba'i da ta rubuta wa Tafiya ta Ɗaya, ta Biyu, ta Uku.

Na ce gidan wa ne wannan.

Ta ce, "Mutumin da ya tuƙa motar Mamana."

Na ji maganar sarai. Amma sai na ga bakin matar mai kemis yana motsi ba sauti, titin ya karkace. Wai zama na yi a ƙasa. Ban tuna ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ban je sujada ba. Karo na farko tun makon jana'iza.

Na sa Aku a gaba a ɗakin girki bayan ta karya. Na ce ta faɗa mini komai, kada ta rage.

Ɗaki ɗaya ne a bayan shagon faci. Ba su taɓa shiga ciki ba, matar da ke da gidan tana shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ta zauna kusa da keken ɗinkinta. (Na gode wa Allah da wannan matar da ban sani ba.) Ran farko da Aku ta faɗi ko ita 'yar wace ce, wai direban ya tashi zai shige ɗaki, ya yi karo da bokiti ya faɗi. Su suka ɗaga shi. Ba ya iya karatu yanzu, suga ya cinye idon. Sai suka ba shi labarin hasken da ya makantar da Mai Tanti. Asabar ta biyu kwando da duwatsu da kurkuku. Wai da suka zo kan kurkuku ya gyara musu, ya ce ba haka ƙarar ƙofar take ba. Jiya guguwa.

Na ce kin san abin da zai iya samunku a hanya? Yara uku mata, bayan layin dogo? Ta ce ta sani, ta yi laifi da ƙaryar koyon waƙa, wannan ta yarda.

Na ce duk mutanen duniya ba ki ga wanda za ki gaya wa ba sai shi?

"Kaka, ai ke kika ce da ke ce za ki je."

Hannuna ya ɗaga. Shekara goma ban taɓa dukan yarinyar nan ba. Ta runtse ido tana jira. Na ga hannun a sama kamar na wani, na sauke shi.

Na ce wa ya nuna miki gidan. Ta yi shiru. Aku, shiru! Na tambaya har sau uku. Ta ce ta yi alkawari.

Litinin, 9 ga Yuni

Abin da bai kamata ma'aikaciya ta yi ba na yi. Lokacin hutun rana na ciro fayil ɗinsa, ba wanda ya aike ni. Ina son in ga adireshin da idona.

Shafin farko, can ƙasa, gurbin wanda za a kira idan wani abu ya faru. Lambar waya. Na san lambar. Na san hannun ma, bakwai ɗin nan mai ɗamara da tsohon ma'aikacin gidan waya kaɗai ke yi. An rubuta tun watan Nuwamba.

Na dawo na sami Maigida yana ba shukokinsa ruwa. Na ce, "Yawon miƙe ƙafa da kake zuwa ran Laraba, ina ne?"

Ya ajiye butar. Bai ko yi ƙoƙarin kewaye-kewaye ba. Ya ce a tashar bas ya gan shi bara, yana laluben mota, yara masu talla suna yi masa dariya. Ya wuce shi. Ya kai kwanar titi ya dawo. Ya ce shi ma bai san abin da ya dawo da shi ba, ya ɗauka zaginsa zai yi, sai ya tsinci kansa riƙe da hannun mutumin yana tsallakar da shi titi.

Na ce 'yarka ce fa.

Ya ce, "Na sani. Ni na shiga na gano gawarta."

Na ce wata bakwai kana cin abinci tare da ni, kana rufe mini wannan? Ya ce sau nawa yana buɗe baki, sai ya ga fuskata. Ita kuwa Aku, ranar da na ba da aikin gida ta same shi ta tambaye shi kai tsaye ko mutumin yana raye, kuma a ina. Ya ce bai iya yi wa yarinyar ƙarya a kan uwarta ba. Bai zaci za ta je ba, wannan kam wautarsa ce, kuma zai je ya faɗa wa mai kemis da bakinsa.

Sai ya ƙara abin da ya fi komai ƙona ni. "Malama, shekara ashirin da biyu ina jin darasin nan ta taga ina jiran ki tashi mu tafi gida. Ba yara kaɗai ke ji ba."

Na kwashe kayana na koma ɗakin Aku.

Laraba, 11 ga Yuni

Ya sa hularsa ya fita. Bai ɓoye ba, ban tambaya ba.

Juma'a, 13 ga Yuni

Dattawa sun zauna a ofishin Fasto da yamma. Mai kemis ya yi magana a tsaye, jijiyar wuyansa a miƙe. Ya ce ya kawo 'ya'yansa a koya musu tsoron Allah, ba a cusa musu yawon da zai kai su hannun tsohon fursuna ba. Ya ce da wani abu ya same su fa? Gaskiyarsa. Da ni ce shi da na faɗi fiye da haka.

Maigida ya tashi ya ɗauki nasa laifin. Wani dattijo ya ce a daina ba yara irin wannan aikin gida kwata-kwata, zamani ya canza. Wani ya ce to sai a daina karanta musu labarin ma, don labarin ne ya aike su, ba Mama ba. Aka yi ta ja. Fasto ya ce daga yau duk ziyarar da yara za su yi sai da babba da sanin iyaye, ni kuma in huta wata ɗaya, matarsa ta riƙe ajin.

Sai ya juyo ya ce, "Mama, ke me kika gani? A je wurin mutumin nan ko kada a je? Ɗan ikkilisiyar nan ne fa, ba wanda ya taka ƙofarsa tun da ya fito."

Kowa ya zuba mini ido. Ni da nake da amsar kowace tambaya ta 'yan shekara tara. Na ce ina da ciwon kai.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na zauna cikin manya, ban san ma lokacin da ake tashi da zama ba. Da aka tashi na leƙa aji. An wanke ƙasan tas.

Alhamis, 19 ga Yuni

Kwana goma sha ɗaya gidan nan ba surutu. Maigida a falo, ni a ɗaki, Aku tana cin abinci kamar baƙuwa, "na gode Kaka", ta tashi.

Yau ina yi mata kitso bayan makaranta, kanta a cinyata, sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Wai Mamana a bayan direba take zama kullum, don idan ta zauna a baya amai take yi."

Tsinken ya tsaya a hannuna.

"Wai ba ta iya waƙa ba. Ya ce muryarta ta fi ta kowa ƙarfi kuma ta fi ta kowa karkacewa, shugabar mawaƙa har roƙonta take ta rage. Kuma wai tana ɗaura hotona a madubin motar idan za a yi tafiya mai nisa, ta ce in ga hanya."

Ban san da maganar hoton ba. Ni uwarta ban sani ba.

Na ce shi ya gaya miki duk wannan? Ta ce ita ta tambaye shi. Ta ce idan sun ba shi labari ɗaya, shi ma sai ya ba ta ɗaya. Ta ce yana kuka idan yana faɗa, amma yana faɗa.

"Ke ba kya faɗa, Kaka. In na tambaye ki sai ki ce tana wurin Ubangiji, ki tashi ki shiga kicin. Na san tana can. Ina so in san yadda take da tana nan."

Shekara tara ina ganin na killace Autata a inda ba mai taɓa ta. Ashe daga 'yarta na killace ta, har sai da yarinyar ta taka layin dogo ta je ta roƙi labarin uwarta wurin wanda ya kashe ta.

Na ce gaskiya ne, ba ta iya waƙa ba. Daga ubanta ta gado. Aku ta yi dariya, ni kuwa abin da ya fito mini ba dariya ba ne. Na ba ta labarin ranar da uwarta ta aske gashin girarta da rezar babanta tana 'yar shekara bakwai. Kitson bai ƙaru ba sai da rana ta faɗi, layi biyu ma a karkace.

Asabar, 21 ga Yuni

Na mayar da kayana ɗakinmu. Katifar Aku ta yi wa bayana laushi da yawa, shi ke nan.

Lahadi, 29 ga Yuni

Matar Fasto ta tsallake sauran tafiye-tafiyen, ta koma kan biyayya ga iyaye. Ban ga laifinta ba. Tagwaye sun tare ni a bakin ƙofa suna raɗa, wai Malama jirgin ya nutse ko bai nutse ba? Na ce su tambayi babansu ya karanta musu. Na hango shi yana harararmu daga wurin ajiye motoci.

Alhamis, 3 ga Yuli

Doguwa ta je kai fayil sama, ni kaɗai a taga. Na hango direban tun daga nesa, wata mata riƙe da hannunsa, na ce wannan ce mai keken ɗinkin. Ba inda zan gudu, layi ya kai mutum talatin.

Ta zaunar da shi za ta karɓi katin, sai na ce mai kati na gaba. Ya ji muryar. Ya miƙe, ya lalubo bango har ya iso taga, ya dafa katakon da hannu biyu. Yatsunsa duk tabon allura.

"Mama."

Na buga hatimi.

Ya ce ba zai roƙe ni gafara a nan ba, ba shi da bakin da zai yi, kuma kada a hukunta yaran, shi ya kamata ya kore su tun ran farko, ya kasa. Na tura masa katin. Bai ɗauka ba. Ya yi ƙasa da murya.

"Abu ɗaya ne. Sun tsaya a inda jirgin ya fashe. Na tambayi Baba, ya ce wannan sai malamar aji."

Tsohon nan! Zan gamu da shi.

Wata mata a baya ta ce a yi sauri mana. Na yi niyyar in ce mai kati na gaba. Allah ya sani niyyata ke nan. Sai na ji bakina yana cewa sojoji sun so su kashe fursunonin don kada su tsere, shugabansu ya hana. Masu iya iyo suka faɗa ruwa, sauran suka kama katako da tarkacen jirgi. Duka suka kai gaɓa.

Ya ce, "Ba wanda ya mutu?"

Na ce ko ɗaya.

"Har da fursunonin?"

Na ce har da su.

Ya ƙara matsowa jikin taga.

"Matuƙin fa? Wanda aka ce kada ya tashi, ya tashi?"

Na dubi hatimin da ke hannuna. Na daɗe ina dubansa. Shekara ashirin da biyu ina ba da labarin nan, ba yaron da ya taɓa tambayata matuƙin, ni ma ban taɓa tunaninsa ba.

Na ce har da shi.

Ya cire tabarau ya rufe fuska da hannun riga. Matar ta ɗauki katin, ta ja shi suka tafi ɗakin likita. Matar da ke baya ta miƙo nata tana ce mini, "Baiwar Allah, lafiya kuwa?" Na ce mura ce.

Ba wa'azi na yi ba. Tagar tambaya ce, ya yi tambaya, na amsa, aikina ne. Ban yafe komai ba, kada wani ya ce na yafe.

Sai da suka wuce na tuna ban gaya masa abin da ya faru a tsibirin ba, wutar da mutanen wurin suka hura musu, da macijin. Rabin labari ba kyau, ko a aji ba na bari ya kwana biyu haka.

An rubuta masa ya dawo ran sha bakwai ga wata. Ranar hutuna ce. Na ce wa Doguwa mu yi musaya, tunda ita ma tana da hidima a gida. Ina jin tana da ita.